Baƙuwar Ɗakin Baya

Litinin, 4 ga Fabrairu, 1867, ƙarfe biyar na yamma

Na dawo daga makaranta na tarar da amalanken kwal a ƙofarmu ta baya. Ba kwal ya kawo ba. Wata tsohuwa ce a naɗe cikin bargo, wani mutum mai faɗin kafaɗa ya sauko da ita a hannu kamar jaririya. Mama ta ce sunanta Grizel Penman, daga ƙauyen mahaƙa kwal da ke bayan tudu, ba ta da lafiya, za ta zauna a ɗakin da ke bayan kicin na ɗan lokaci. Mutumin ɗanta ne, Wattie.

Na ce, me ya sa gidanmu? Mama ta ce, "Marjory, je ki cire takalman nan, kin kwaso taɓo."

Baba bai fito daga ɗakin karatunsa ba har suka gama. Wattie ya tsaya a tsakar kicin yana murɗa hularsa, idonsa a kan ƙofar. Da ya gaji ya ce, "To, a gaida Malam." Yadda ya furta Malam ɗin bai yi mini daɗi ba.

Laraba, 6 ga Fabrairu, bayan cin abincin rana

Shugaban makarantar maza zai ajiye aiki. Kwamitin gari zai zaɓi sabo ranar sha ɗaya ga Maris. Shekara goma sha tara Baba yana mataimaki a can, kowa ya ce kujerar tasa ce, idan dai Dakta Moncrieff ya yarda, don shi ne shugaban kwamitin. Mama har ta je ta leƙa gidan da ake ba shugaba, ta ce yana da itacen tuffa biyu.

Kafin nan Baba zai yi lacca a zauren gari, ni nake kwafe masa ita saboda rubutuna ya fi nasa fita. Yau na yi shafi shida. Ya ce masanan ƙasarmu da suka kafa ilmin tattalin arziki ba su raba mutane iri-iri ba, wai ga waɗanda aka halitta don mulki, ga waɗanda aka halitta don ɗaukar kaya. Mutum ɗaya suka gani ko'ina: yana so gobensa ta fi yau, yana aiki da himma in ya san amfanin zai dawo masa, yana sanyi in ya san ba zai dawo ba. Bambancin da muke gani tsakanin alƙali da mai gyaran takalmi, in ji shi, sana'a ce da tarbiyya suka sassaƙa shi bayan haihuwa.

Na karanta wannan wurin sau uku. Ina jin daɗi in tuna cewa ubana ne ya rubuta.

Juma'a, 8 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu da rabi

Mama ta aike ni in kai wa tsohuwar romo. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga.

Ta ce, "Ke ce mai karatun? Matso, ba na cizo. Haƙoran sun riga ni tafiya."

Na matsa. Ta daɗe tana kallona har na rasa inda zan sa idona. A goshinta akwai wani kwari daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an danna da yatsa ba a ɗaga ba. Ta ga ina kallo.

"Madaurin kwando ne. Tun ina shekara bakwai nake hawo da kwal daga ƙasan rami, tsani huɗu, har sai da hukuma ta hana mata shiga. Ke shekararki nawa?"

Na ce sha biyar.

"Sha biyar, ga hannu kamar na fasto. Madalla." Ta juya tafina ta duba, ba ta saki da wuri ba.

Asabar, 9 ga Fabrairu, da safe

Ruwa tun asuba. Ban fita ba.

Lahadi, 10 ga Fabrairu, bayan an taso daga coci

Fasto ya yi wa'azi a kan baƙunci. Ya ce akwai wani ɗan'uwa a cikinmu da ya buɗe ƙofarsa ga matalauciyar da bai haɗa komai da ita ba, abin da yake koyarwa da baki ya aikata shi da hannu. Mutane suka riƙa juyowa suna kallon bencinmu. Misis Moncrieff ta yi wa Mama murmushi.

Baba ya riƙe littafin waƙoƙi a buɗe har aka tashi, shafi ɗaya, bai juya ba.

Talata, 12 ga Fabrairu, ƙarfe biyar

Yanzu kullum nake shiga wurin tsohuwar in na dawo. Tana da lofen taba na yumɓu, Mama ta hana ta sha, sai ta riƙe shi a baki babu wuta. Ta ce ranar da aka yi mata baftisma mai ramin ya ba mahaifinta kyauta a gaban shaidu, shi ke nan ta zama ta ramin, in an sayar da shi har da ita.

"Ina shekara huɗu aka ce doka ta 'yanta mu. Sai dai babu wanda ya je ya gaya wa tsanin."

Na yi dariya, sannan na ji kunyar dariyar.

Muna nan sai aka ji takun Baba a soro, ya dawo daga aiki. Ta ɗaga kai ta ce, "Archie?"

Takun ya tsaya. Na ƙirga numfashina har biyar. Sannan ya ci gaba, ya hau bene.

Sunan Baba Archibald Laing. Babu mai ce masa Archie, ko Mama.

Laraba, 13 ga Fabrairu, da safe

Ba zan rubuta abin da nake tunani ba.

Asabar, 16 ga Fabrairu, ƙarfe uku

Wattie ya zo duba ta, tafiyar mil shida a ƙasa bayan ya fito daga rami. Da ya naɗe hannun riga zai wanke hannu, na ga wasu shuɗɗan layuka a wuyan hannunsa. Ya ce haka ciwon rami yake warkewa, ƙurar kwal ta shige ƙarƙashin fata, har kabari.

Baba yana da irinsu guda biyu a bayan wuyansa, ƙasan kwala. Na taɓa tambayarsa ina ƙarama, ya ce tawada ce ta shiga wani yanka.

Na gama kwafe laccar. Shafi na ƙarshe ya ce ba a auna arzikin ƙasa da zinariyar da ke taskarta, ana auna shi da abin da mafi yawan mutanenta suke ci, suke sawa, suke sani. Na ɓata layi, sai da na sake shafin.

Alhamis, 21 ga Fabrairu, kafin tafiya makaranta

Jiya aka yi laccar. Ni da Mama muna sama, wurin mata. Zauren ya cika, can baya kusa da ƙofa wasu mahaƙa suna tsaye, Wattie a cikinsu.

Baba ya yi magana da kyau. Ya ce a ɗebi iri daga buhu ɗaya, a shuka rabi a lambu, rabi a kan toka, sannan wani ya zo da kaka ya ce ai dama iri biyu ne. Ya ce mutumin da aka sa ya yi abu ɗaya tak tun yana shekara bakwai har ya tsufa, dole hankalinsa ya ƙuntata, kuma laifin ba na jininsa ba ne, shi ya sa ya wajaba a kan ƙasa ta koyar da 'ya'yan kowa.

Dakta Moncrieff ya miƙe yana murmushi. Ya ce, "Malam Laing, ka san ina girmama ka, kuma duk mun ga kirkinka ga tsohuwar nan. Amma shekara talatin ina duba mutanen ramin nan, na auna kawunansu da hannuna. Su wani iri ne daban, tun kakanninsu junansu suke aura. Kai da littafi kake magana, ni da abin da na gani. Ka nuna mana ɗan mahaƙi ɗaya, ɗaya tak, da ya zama masani, in janye maganata a gaban kowa."

Mama ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi.

Baba ya dubi takardunsa. Ya sha ruwa. Ya ce, "Misali ɗaya ba ya zama hujja, Dakta, ko a gare ni ko a gare ka." Ya koma kan shafi na goma sha biyu.

An tafa sosai. Da na duba baya, Wattie ba ya nan.

Alhamis ɗin dai, ƙarfe biyar

Tsohuwar ta ce, "Ya yi magana da kyau?"

Na ce eh.

"An tafa?"

Na ce an tafa.

"Tun yana ɗan ƙarami bakinsa..." Sai ta cire lofen ta duba cikinsa. "Haka dai na ji mutane suna faɗa."

Asabar, 23 ga Fabrairu, da rana

Ina shanya a tsakar gida na ji Baba da Wattie a bayan rumbun kwal. Ban yi niyyar saurare ba. Muryar Baba ƙasa-ƙasa ce, ta Wattie kaɗai na ji.

"Ba romonka take jira ba, Malam. Romo muna da shi a ƙauye."

Can kuma: "Ni na tsaya. Ban ce ka yi laifi da ka tafi ba. Amma taku nawa ne daga benenka zuwa ɗakin nan?"

Na shige da kwandon wanki rabinsa a jiƙe.

Litinin, 25 ga Fabrairu, bayan shayi

Na tambayi Mama. Ban iya faɗin kalmar ba, na dai ce, "Mama, ita wace ce?"

Ta ajiye ɗinkinta. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Mako biyu, Marjory. Mako biyu kawai. Shekara goma sha tara yana gyara rubutun 'ya'yan mutanen nan yana ɗaga musu hula. Bari a yi zaɓen, sai a yi abin da ya kamata. Kina jin Dakta zai ba shi yaran gari in ya sani?"

Na ce, in ba ta kai mako biyu ba fa?

Mama ta ɗauki allurarta, ta kasa zura zaren.

Laraba, 27 ga Fabrairu, ƙarfe shida

Tari ya hana tsohuwar cin komai. Ina riƙe mata kofi sai ga Baba a bakin ƙofa, karo na farko da na gan shi a nan. Bai san ina ciki ba. Da ya gan ni sai ya gyara tsayuwa.

Ya ce, "Yaya jikin, Misis Penman?"

Ta ce, "Da sauƙi, Malam. An gode da ɗawainiya."

Ya tsaya kaɗan yana kallon bargon, ya tafi.

Da ban kasance a ɗakin ba, me zai ce? Tun ɗazu nake wannan tambayar.

Alhamis, 28 ga Fabrairu, ƙarfe biyar

Ta ga fuskata ta ce, "Ke, 'yar malam, daina haɗa rai, ba ya yi miki kyau. Zauna."

Na zauna.

"Kada ki tsananta masa. Wani malamin makaranta ne ya ce zai ɗauke shi, ya ba shi sunansa. Ni na tura shi. Na ce tafi, kada ka waiwayo, in ka waiwayo ramin zai gane ka. Yaro ne mai jin magana, matsalarsa ke nan."

Na ce, amma kina so ya shigo?

Ta ce, "Gyara mini matashin nan."

Asabar, 2 ga Maris

Ta ƙi abinci. Duk takun da ta ji sai ta juya kai.

Lahadi, 3 ga Maris, da yamma

Baba ya sauko sau biyu, ya tsaya a kicin yana neman abin da bai ɓata ba. Na fita tsakar gida da gangan, na daɗe a cikin sanyi. Da na dawo na tarar Misis Moncrieff ta kawo ziyara, yana falo yana ba ta kujera.

Talata, 5 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Ta rasu da gari ya waye, kafin a hura wuta. Mama ce a wurin. Mama ta tsayar da agogo, ta rufe madubi, kamar yadda ake yi in an yi rasuwa.

Ban je makaranta ba. Baba ya je.

Alhamis, 7 ga Maris, ƙarfe huɗu

Gobe za a binne ta a maƙabartar coci, gefen arewa inda ake sa mahaƙa. Dakta ya aiko cewa shi da 'yan kwamiti za su raka gawar don girmama Baba.

Kafintan da ya yi akwatin yana son takardar igiyoyi. Igiya takwas ake saukar da akwati da su, a bakin kabari kafinta zai kira kowane mutum da sunansa da dangantakarsa, ya fito ya kama tasa. Ta ɗaya, ta wajen kai, ta babban ɗa ce.

Suka zauna a kicin, ni a tsakiya da alƙalami.

Baba ya ce, "Rubuta. Ta ɗaya, Walter Penman, ɗanta."

Wattie ya ce, "Ta kai ta babba ce."

"Rubuta, Marjory."

Wattie ya yi wata 'yar dariya. "To rubuta, 'yar malam. Yau na zama babba ina da shekara arba'in da huɗu. Ai ci gaba ne."

Suka jera sauran, 'yan'uwa da maƙwabtan ƙauye. Da aka zo ta ƙarshe Baba ya ce, "Ta takwas, Archibald Laing, mai masauki."

Na rubuta. Ni ba mai iya magana a gaban mutane ba ce, ko a aji in an kira ni.

Alhamis, ƙarfe bakwai

Na rubuta wata takardar. A ta biyun na sa: Ta ɗaya, Archibald, ɗanta na fari. Ta biyu, Walter, ɗanta. Sauran na matsar da su ƙasa.

Na san abin da za ta iya jawowa. Na tuna Mama da itacen tuffa. Na yi niyyar jefa ta a wuta har sau biyu.

Juma'a, 8 ga Maris, ƙarfe ɗaya

Baba yana sa baƙar kwat ɗinsa a soro na miƙa masa su a ninke. Na ce, "Baba, biyu na yi. Ban san wadda ta fi daidai ba."

Ya buɗe ta farko. Ya buɗe ta biyu. Ya daɗe a kanta fiye da yadda layi takwas suke bukata. Bai dube ni ba. Ya sa su duka a aljihu ɗaya, ya ɗauki hularsa.

Mata ba sa zuwa bakin kabari. Muna gida ni da Mama da matar Wattie, muna yanka burodi da nama don masu dawowa. Mama ta fito da kofunan baƙi, masu bakin zinariya, saboda 'yan kwamiti.

Juma'a, ƙarfe shida

Mahaƙa ne kaɗai suka dawo shan shayi. Ta ƙofar gaba suka shigo, Baba ne ya riƙe musu ita. Mama ta leƙa bayansu ta ga babu kowa, ta dubi Baba, ta zauna a kan kujera da wuƙar burodi a hannunta. Can ta tashi ta zuba musu shayi a kofunan.

Babu wanda ya gaya mini komai. Da suka watse na ɗauki kwat ɗin in goge taɓon da ke jikinsa, aikina ne dama. Takarda ɗaya ce a aljihun. Na buɗe. Ta takwas, Archibald Laing, mai masauki.

Ta biyun ke nan ya miƙa wa kafinta. Na zauna a kan matakala na yi kuka, na farko tun ranar Talata. Kakata ce. Yau na rubuta.

Lahadi, 10 ga Maris

A coci babu wanda ya juyo ya kalli bencinmu. Sun yi ƙoƙari sosai wajen rashin juyowar.

Litinin, 11 ga Maris, bayan makaranta

Elspeth, 'yar Dakta, ajinmu ɗaya. Ta same ni wurin rataye riguna ta ce, "Babana ya ce ba jinin ne ya dame su ba, ɓoyewar ce. Ya ce kuma dama ya daɗe da lura da siffar kan babanki."

Ina ta tunani a hanya: da bai ɓoye ba, da sun ba shi alli ya koyar tun farko?

Talata, 12 ga Maris, ƙarfe biyar da rabi

Wasiƙar kwamiti ta zo. Wani mutum daga Edinburgh suka zaɓa. Baba zai ci gaba da zama mataimaki, sun gode masa da daɗewar hidima. Mama ta karanta ta ninke ta ce, "To. Tuffa dama tsami gare ta," ta shiga kicin ta rufe ƙofa.

Na kai masa shayi ɗakin karatu. Yana gyara littattafan yara. Na ajiye zan fita ya ce, "Marjory."

Na tsaya. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

"Da me?"

"Da takardar."

Ya girgiza kai. "Ke takarda kika ba ni. Hannuna ne ya miƙa."

Na ce, "Amma ai ka faɗa, Baba. Kowa ya ji."

Ya ajiye alƙalamin. Ya ce, "Na faɗa wa mutanen da ba su tambaye ni ba. Ita wata guda ta yi a bayan kicin tana sauraren takuna."

Shayin ya huce a gabansa. Sannan ya jawo littafi na gaba, ya ce in miƙo masa jar tawada.